Lafiyar Iyali: Wa Ya Gwada Maganin Ƙugin Kunne?

A watan nan zancenmu a kan kunne yake, gama tambaya iri ɗaya ta zo mini sau uku a damina guda: daga wani mai injin niƙa a ƙasar Anka, da wata uwa daga wajen Bukkuyum, da wani dattijo na Gummi. Dukansu kunne ne yake yi musu ƙara ba dare ba rana. Mai injin ya ce nasa kamar kukan gyare, uwar ta ce kamar ruwa yana tafasa a tukunya, dattijon kuwa ya ce kamar rediyon da ba ta kama tasha ba. An kawo musu magani a kwalba, an ce an gwada shi, ya yi wa mutane da yawa aiki. Suna so su sani ko su saya.

Amsata ita ce, kada su saya tukuna. Har wa yau babu ƙwaya, ko allura, ko ɗigon kunne da manyan hukumomin magunguna na Amurka da na Turai suka yarda cewa yana warkar da ƙugin kunne wanda ya daɗe. Ba kuwa don an ƙi nema ba. An nema, an kashe kuɗi mai yawa, magunguna sun shiga jarrabawa sun fāɗi. Saboda haka in mai kwalba ya ce an gwada, ya kamata mu san abin da kalmar nan take nufi a bakin likitoci, domin mu auna tasa maganar da ita.

Da fari dai, mene ne ƙugin nan? Mutane kan ce in kunnenka ya yi ƙara wani ne yake zancenka. Wannan na ɗan lokaci ne, kowa yakan ji shi, ya wuce. Wanda muke magana a kai shi ne wanda ya zauna wata shida, ko shekara, ko fi. A shekara ta 2022 masana sun tattara binciken ƙasashe da yawa, suka tarar wajen mutum ɗaya cikin manya bakwai yana da wani nau'in ƙugin kunne, wato fiye da mutum miliyan 740 a duniya, miliyan 120 kuwa daga cikinsu yana damunsu ƙwarai. Wanda yake fama da shi ya sani ba shi kaɗai ba ne, ba kuwa taɓin hankali ba ne, ba sammu ba ne.

A can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan abu mai siffar katantanwa, bai fi ƙwayar wake girma ba. Cikinsa akwai ruwa da waɗansu 'yan gasu ƙanana wajen 15,000, su ne suke karɓar sauti su miƙa wa jijiya, jijiya ta kai wa ƙwaƙwalwa. In ƙara mai ƙarfi, ko tsufa, ko wani magani ya kashe waɗansu cikin gasun nan, ba sa sāke tsirowa. Ƙwaƙwalwa ta saba da samun saƙo daga gare su, ga shi saƙon ya ragu, sai ta ƙara ƙarfin sauraronta, kamar mutumin da yake murɗa rediyo sa'ad da tasha ta yi nisa. Shuuu ɗin da yake ji, shi ne ƙugin. Akwai waɗanda aka yanke musu jijiyar kunne ɗungum a wurin tiyata, duk da haka ƙugin bai tafi ba. Wannan ya nuna yawanci abin a ƙwaƙwalwa yake zaune. To, yaya man da aka ɗiga a ramin kunne zai kai can?

Mu mutanen yammacin Zamfara mun taɓa ganin yadda ake auna aikin magani da ido. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitocin nan da ake kira MSF ta lura yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Da aka bincika, ashe gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Bagega, 'Yargalma, Tungar Guru, sunayen nan ba su ɓace wa kowa ba. Yara wajen 400 suka rasu. Maganin da aka ba waɗanda suka ragu, ana ce da shi DMSA, yana kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari. Ba a dogara ga ji-ta-ji-ta ba. A ɗebi jinin yaro kafin magani, a rubuta lamba. A sāke ɗiba bayan magani, a rubuta lamba. A shekara ta 2014 aka buga sakamakon zagayen magani 3,180 da aka yi wa yara 1,156, kowa ya iya dubawa ya ga yadda dalmar ta sauka. Gani ya kori ji.

Ƙugin kunne ba shi da irin wannan lamba. Ba a ganinsa a jini, ba a ganinsa a hoto, likita ba ya jinsa ko ya kafa kunnensa a naka. Mai ɗaki ne kaɗai ya san inda yake masa yoyo. Abin da likita zai iya yi shi ne ya tambaye ka: yau yaya ƙarfinsa, ya hana ka barci, ya hana ka jin magana? Ga shi kuma ciwo ne mai hawa da sauka da kansa. Ranar da ka gaji, ko ka kwana da damuwa, ko gari ya yi tsit, sai ya yi ƙarfi. Ranar kasuwa ko ranar biki sai ka manta da shi. Yaushe mutum yakan sayi magani? A makon da abin ya fi tsananta masa. Mako mai zuwa ya ɗan sauka, yadda dā ma zai sauka, sai kwalba ta sha yabo. Mutumin da ya ce ya sha ya ji sauƙi ba ƙarya yake yi ba. Sauƙin ya ji da gaske, amma bai san abin da ya kawo shi ba.

Don haka likitoci suka fito da wata hanya. Mu malaman makaranta mun santa a aikinmu. In ina so in san ko sabon littafin lissafi ya fi tsohon, ba zan ba yara masu ƙoƙari sabon, in ba na baya tsohon ba. Sai in raba aji biyu ta hanyar ƙuri'a, in yi musu jarrabawa ɗaya, in kuma ba wani malami ya duba takardun, bai san wane yaro ya karanta wane littafi ba. Masu karanta Littafin Daniyel za su tuna da gwajin kwana goma na ganyaye da ruwa, inda aka gwama samarin nan huɗu da sauran waɗanda suke cin abincin sarki. Tushen ke nan, wato sai an sami waɗanda za a gwama da su.

A zamanin nan, gwajin da ake yawan ambata shi ne na Ingila a 1948, a kan allurar sitireftomaisin domin tarin fuka. Aka raba marasa lafiya 107 kashi biyu, ba da zaɓin likita ba. Cikin 55 da aka yi wa allura, 4 suka mutu a wata shida. Cikin 52 da aka ba hutun gado kaɗai, 14 suka mutu. Nan magani ya ci jarrabawa a fili. Daga baya aka ƙara wata dabara: kashi na biyu a ba su ƙwayar wofi, mai kama da ta gaske a launi da girma amma ba magani a ciki, mara lafiya bai san wadda ya samu ba, likitan da yake tambayarsa ma bai sani ba, sai an gama a buɗe takarda.

Yanzu ku ji yadda magungunan ƙugin kunne suka yi a irin jarrabawar nan. Akwai wani itace na ƙasar Sin mai suna ginko, ana sayar da ƙwayoyin ganyensa a duniya duka, har a manyan kemis na garuruwanmu, ana cewa yana buɗe hanyar jini zuwa kunne. Masana a Jami'ar Birmingham ta Ingila suka tara mutum 1,121 masu ƙugin kunne, rabi suka sha ginko sau uku a rana har mako 12, rabi suka sha ƙwayar wofi. A 2001 aka buga sakamako. Cikin mutum 360 na masu ginko da aka gwama, 34 suka ce damuwar ta ragu. Cikin 360 na masu ƙwayar wofi, 35 suka ce ta ragu.

Ku ɗan tsaya a kan lambobin nan biyu. Da mai sayar da ginko zai kawo mutanen nan 34 kasuwar Gummi, ya jera su, kowa ya ba da shaida da bakinsa, wa zai ƙi saye? Dukansu masu gaskiya ne. Amma a bayan labule ga waɗansu 35 da suka sha wofi, su ma da shaidarsu. Mai kwalba ba zai taɓa kawo muku waɗannan ba, ba kuwa zai kawo ɗari uku da 'yan kai da suka sha ba su ji kome ba.

Manyan kamfanoni ma haka ta same su. Wani kamfani na ƙasar Suwizalan, Auris Medical, ya yi wani magani da ake tsirawa da allura ta cikin dodon kunne, domin waɗanda ƙugin bai daɗe da kama su ba. Ya shiga babbar jarrabawa sau biyu, a 2016 da 2018, duka bai fi wofi ba. Kamfanin Otonomy na Amurka ya gwada nasa, a 2022 shi ma ya fāɗi. Abu ɗaya da aka sani tun 1935 shi ne, in aka sa maganin kashe zafi irin na masu cire haƙori a cikin jijiyar jini, ƙugin yakan yi shiru ga mutane da dama. Amma na 'yan mintoci ne, ya komo, maganin kuwa yana iya rikitar da bugun zuciya. Ba abin da za a yi wa mutum kullum ba ne. Saboda irin waɗannan sakamako ne ƙungiyar likitocin kunne ta Amurka ta ba da shawara a 2014, kada a riƙa ba masu ƙugin kunne ginko, ko zink, ko maganin barci na melatonin, ko magungunan farfaɗiya da na kwantar da hankali, da nufin kashe ƙugin. Ingila kuma a 2020 ta ce kada a ba da betahistin dominsa. Ni dai ina girmama kamfanin da ya fito ya ce maganina ya fāɗi, ya fi mini wanda bai taɓa zama jarrabawa ba yana ta busa ƙaho a tashar mota.

Wani zai ce, ai kwalbar tana da lambar NAFDAC. Ku juya ta ku karanta da kyau. Magungunan gargajiya da yawa lambarsu tana ƙarewa da harafin L, a jikinsu kuma akwai rubutun Turanci mai cewa hukumar ba ta auna abin da masu maganin suke faɗa yana warkarwa ba. An dai duba ba a ga guba a fili ba, iyakarta ke nan. Wanda ba shi da lamba sam kuwa, cinikin biri a sama ne.

Akwai wata fuska ta gwajin magani da bai kamata in tsallake ba, gama wata rana ana iya zuwa neman mutanenmu su shiga. A 1996, lokacin babbar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a kan yara a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara wajen 200 ne, rabi aka ba su Trovan, rabi wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka mutu, waɗansu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar, iyaye kuwa suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu ba. Aka yi ta shari'a har 2009, sa'ad da kamfanin ya yi sulhu da Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Gwaji na gaskiya tilas a bayyana maka shi da harshen da kake ji, a gaya maka kana iya samun ƙwayar wofi, a gaya maka haɗarin da aka sani, ka yarda da kanka, kana kuma da ikon fita ran da ka so ba wanda zai hana ka magani. Ba a karɓar kuɗinka. Wanda ya ce ka biya ka gwada, in bai yi ba ka komo ka sayi mai ƙarfi, kai ne yake gwaji da kai, ba kuwa ya rubuta kome.

To, sai a zauna hannu rabbana? A'a. Kafin a tambayi wane magani za a sha, a fara tambayar wane magani ake sha. Kwinin ya shahara wajen sa kunne ƙara, tsofaffinmu sun san wannan sarai, amma yawanci yakan wuce 'yan kwanaki bayan an gama sha. Yanzu ma an rage aiki da shi. A 2010 aka buga wani gwaji na yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, har da Ilori a nan Nijeriya, ya nuna allurar artesunet ta fi kwinin ceton rai a zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Asfirin ma in an sha da yawa yakan kawo ƙugi, a rage ya tafi. Waɗanda suka fi ban tsoro su ne allurar jentamaisin da sitireftomaisin ɗin nan da na ambata, gama ɓarnarsu a kunne ba ta komawa. Magunguna ne masu ceton rai a hannun likita, amma abin baƙin ciki ne yadda ake tsira wa mutane jentamaisin a shaguna saboda ɗan zazzaɓi ko ciwon mara. Duk mai ƙugin kunne ya tattara kwalayen dukan abin da yake sha ya kai wa ma'aikacin asibiti. Kada dai ya daina maganin hawan jini ko na tarin fuka da kansa.

Sai ƙara. A nan ina magana da masu injin niƙa, na hatsi da na dutse, da masu walda, da maƙera, da masu kwana kusa da janareto, da matasa masu toshe kunne da waƙa. Ana auna ƙara da abin da ake kira desibel. A desibel 85 kunne yana iya jure awa 8. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin nan biyu, har in an kai 100 abin da ya ragu minti 15 ne kawai. Ba ku da ma'auni a gida, amma ga alama: in sai ka ɗaga murya kafin wanda yake tsaye kamu biyu daga gare ka ya ji, wurin ya kai na ɓarna. Harbin bindiga guda kusa da kunne ya isa ya bar wa mutum ƙugi na har abada, wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu a shekarun nan, Allah ya kawo sauƙi. Ku tuna da Bagega. Likitoci ba su fara ba yaran garin magani ba sai da aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa a 2013, gama ba amfani a fitar da dalma da safe yaro ya sāke haɗiyarta da yamma. Haka yake ga mai injin da yake neman magani alhali yana wuni a bakin inji kunne a buɗe. Auduga ba ta tare ƙara sosai. A nemi abin toshe kunne na soso ko na roba, wanda ake sayarwa a shagunan kayan aiki, kuɗinsa bai kai na kwalba ɗaya ba. Yaran da ake aika niƙa kuma su ajiye kwano su jira a waje.

Wani lokaci abin mai sauƙi ne, dattin kunne ne ya toshe, a wanke a asibiti ƙugin ya tafi. Amma kada a soka tsinke ko gashin kaza, kada kuma a ɗiga manja, ko ruwan albasa, ko man fetur. In dodon kunne ya huje ba ka sani ba, abin zai wuce ciki ya ƙara ɓarna.

Akwai alamun da ba a jira da su. In ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, a tafi asibiti a ranar ko kashegari, gama maganin wannan a cikin mako biyu na fari yake da amfani. In ƙugin yana bugawa daidai da bugun zuciya, a auna hawan jini da ƙarancin jini, musamman ga mata masu ciki. In a kunne ɗaya ne kaɗai, ko yana tare da jiri, ko mugunya, ko karkacewar baki, ana bukatar likitan kunne. Daga wajenmu sai a nufi asibitin tarayya na Gusau ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999. In kuwa abin ya kai mutum ga cewa ya gaji da rai, kada iyali su ɗauka wasa ne, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi wurin likita.

Abubuwan da suka nuna amfani ba a kwalba suke ba. Wanda jinsa ya ragu, na'urar ƙara ji takan taimake shi, gama in sautin duniya ya komo ƙwaƙwalwa takan rage murɗa rediyonta. Wanda ya fi kowanne samun shaida a gwaje-gwaje shi ne zama da masanin da zai koya wa mutum yadda zai daina jin tsoron ƙugin. Ƙarar ba ta ɓacewa, amma takan koma kamar ta injin maƙwabci, wadda baƙo yake ji, mai gida kuwa ya daina lura. Mutane da yawa sukan kai ga wannan da kansu a hankali. Da dare kada ɗaki ya yi tsit, a bar rediyo ƙasa ƙasa ko fanka. Ku kuma mutanen gida, ku daina ce wa mai shi ai ba kome ba ne. Ku fuskance shi sa'ad da kuke magana, kada ku yi masa tsawa.

Wanda yake so ya gwada wani abu a kansa, ga gwajin da ba ya cutarwa. Ya sami littafin rubutu na 'yan makaranta, ya ja layi huɗu. Kowace yamma ya rubuta kwanan wata, da ƙarfin ƙugin daga 0 zuwa 10, da awa nawa ya yi barci, da abin da ya faru a ranar, ko wunin inji, ko zazzaɓi, ko wani magani, ko ɓacin rai. Wanda bai iya rubutu ba, ɗansa ko jikansa ya rubuta masa. Ya yi haka kwana 30 bai sayi kome ba. Ran da zai tafi Gusau ko Sakkwato, ya sa littafin a aljihu tare da kwalayen magungunansa.